Numfashi Biyar a Maisur

Biyar saura kwata, garin Maisur bai buɗe ido ba,
masu sayar da fure ba su kwance kwandunansu ba,
na kashe keken haya a gindin kwakwa,
na hau bene da tabarmar roba a hammata.
Shekara ashirin da shida ina jigilar mutane,
har bayana ya ɗauki siffar kujerar direba.
Likita ya ce: ko yoga, ko wuƙa.
Na zaɓi wadda na zaci ba ta yanka.

Malama Basundara ba ta da lokacin gaisuwa.
Ƙidaya take yi, a hankali,
kamar mai auna shinkafa a shekarar tsada.
Ɗaya, ɗaga hannu. Biyu, sunkuya.
Yatsun ƙafata na can nesa,
dangin da muka daɗe ba ma ga maciji.
Na miƙa musu hannun sulhu,
jijiyar cinya ta ce: da izinin wa?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ni busasshe aka kawo.

Sai aka ce mu kife,
tafin hannu da yatsun ƙafa kaɗai a ƙasa,
jiki miƙe sambal kamar katako.
Numfashi biyar, in ji ta.
Ban taɓa sanin biyar na da nisa haka ba.
A na biyu damtsena ya kama kyarma
irin ta injina in fetur ya sha ruwa.
A na uku gumi ya gangaro daga gira,
ɗis, ɗis, a kan roba,
ya zana taswirar unguwar da ban taɓa kai fasinja ba.
A na huɗu kowace wainar shinkafa da na ci tun bara
ta zo ta zauna a cibiyata tana jiran hukunci.
Na biyar bai same ni a sama ba.

Daga damana Cennamma,
mai ayaba a bakin kasuwa, jikoki bakwai,
ta saƙala ƙafa a bayan wuya
yadda ake yafa gyale,
ko kallo ban ishe ta ba.
Daga hagu Tippesami na banki
yana huci kamar zugazugi,
shi ne kaɗai ɗan'uwana a ɗakin nan.

Malama ta zo ta bayana, ba motsin sawu.
Ta ɗora tafi tsakanin kafaɗuna, ta danna.
Basabaraju, ta ce,
kana riƙe numfashi kamar canjin fasinja.
Ba naka ba ne. Sake shi.
Na sake.
Wani abu a ƙuguna ya yi ƙas,
ƙofar da tsatsa ta cinye ta buɗe da faɗin yatsa,
zafi ya shigo, iska ta biyo shi.

A ƙarshe aka ce mu kwanta kamar gawa.
Wannan kam na iya.
Fanka na juyi, zuciya na duka a kunne,
riga ta manne, gwiwa na tsuma ita kaɗai,
ƙararrawar wurin bauta ta tsallako titi
ta same ni ban da ƙarfin ko kore ƙuda.

Saukowa daga bene ta fi hawa wuya.
Matakala goma sha tara, na ƙirga su da cinya.
A shagon kofi kofin ƙarfe na rawa a hannuna,
yaron shago ya ce: Kawu, zazzaɓi ne?
Na ce a'a, makaranta ce.

Fasinjan farko, tashar jirgin ƙasa.
Na juya baya karɓar kuɗi,
wuya ya juya tare da ni bai yi gardama ba.
Na tsaya haka, hannu a miƙe,
har mutumin ya ce ko kuɗin bai cika ba.

Tsakanina da babban yatsan ƙafa
jiya taƙi guda ne.
Yau ma taƙi guda ne.
Tabarmar na bushewa a kan rufin keke.